Layi na Biyar a Katin Baba Mwakio

Baba Mwakio ba ya ƙaunar talabijin ko kaɗan, amma shekara tara ke nan yana zuwa kallon nawa. Sau ɗaya tak ya taɓa yin fashi, kuma ni na jawo.

Ina da ɗan shagon abinci a Voi, bayan tashar mota, tebur huɗu da 'yan bencina, sai talabijin ɗin da na rataye a kusurwa cikin kejin ƙarfe saboda masu ɗan hali. Biyar na yamma tana yi zai shigo da koɗaɗɗiyar hularsa ta ma'aikatan jirgin ƙasa, rediyo a hammata, ya zauna a bencin da ya fi kowanne fuskantar akwatin. Shayi kofi ɗaya da mandazi ɗaya, wato ɗan fanke, yake saye, kuma da su zai zauna har na tashi rufe shago, yana kushe duk abin da aka nuna.

Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. Direbobin da ke cin ugali, tuwon masarar nan, a wurina sun sani, duk wanda ya ce abincina ya yi gishiri sai ya ji tarihin gidansu tun daga kan kakansa. Amma tsohon nan ya fi ƙarfin bakina.

"Maman Wakesho, zo ki ga ikon Allah," in ji shi, ina can ina murza chapati, gurasar nan ta kasko. "Matar nan wata uku tana kwance a asibiti ba ta san inda kanta yake ba. Yanzu ta farka, ga jan-baki, ga gashi a kwance luf. Wa yake zuwa yana mata kwalliya?"

"Baba, wasa ne fa."

"Na san wasa ne. To a yi wasan da hankali mana."

Irin wasannin nan ne na ƙasashen waje da ake ɗora wa murya, baki ya rufe magana tana ci gaba. A wurinsa duk mutanen ciki zaman kashe wando suke yi, tunda bai taɓa ganin ɗayansu ya ɗauki tsintsiya ba. 'Yan finafinan Najeriya ya ce mutanen kirki ne, illarsu ɗaya, ba su iya faɗa a hankali ba, sai unguwa ta ji. Shirin girki ma bai tsira ba: awa guda ana soye-soye, a ƙarshe mutum ɗaya ya ɗanɗana da bakin cokali ya lumshe ido, to sauran abincin ina ake kai shi? In aka saka wasan barkwancin nan mai dariyar da ba a ganin masu yinta, sai ya waiga bayansa ya ce, "Su waye waɗannan? A ina suka zauna?" Masu karanta labarai su suka fi shan suka. Tun da suka bar zama a bayan tebur suka koma karatu a tsaye suna kai da kawowa ya ce ya daina yarda da su, don wanda ya ba ka labari a tsaye shirin gudu yake yi.

Wata rana ya kai ni bango, na dangwarar da ludayi na ce masa in abin bai yi masa ba, ga ƙofa nan a buɗe. Ko a jikinsa. Ya kurɓi shayinsa, ya nuna akwatin da haɓa.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Shekara nawa kina share masa ƙura, kina kulle shi a keji kamar ɗan zaki? Ya taɓa kiran sunanki?"

Na ce bai taɓa ba. Ya shafa rediyonsa ya ce, "To wannan ya kira nawa ya fi sau dubu."

Sunana Mkamburi, in ana son gaskiya, sai dai tun da na haifi Wakesho sunan ya ɓata. Mahaifiyata ce ta ƙarshen kirana da shi, ita ma ta daɗe a ƙasa. Ban gaya masa haka ba, na ja tsaki na koma kan chapatina.

Yadda aka yi rediyo ya san sunansa kuwa, ba mai cin abinci a shagona da bai haddace labarin ba. Yana ɗan shekara ashirin da uku aka ɗauke shi aikin jirgin ƙasa, aka tura shi wata 'yar tasha a tsakiyar dajin Tsavo inda jirage ke kauce wa juna. Aikinsa ya juya layi, ya ɗaga tuta, jirgi ya wuce. Jirgi huɗu a yini, sauran lokacin kuma daga shi sai birai da giwaye. Abokin aikinsa ɗaya ne, wani bawan Allah da ya ce a shekara shida bai ji kalma ɗari daga bakinsa ba. Da albashinsa na biyu ya sayi rediyo, a nan ya ci karo da shirin gaisuwa na ranar Lahadi, daga huɗu zuwa biyar.

A gidan waya ake sayen katin gaisuwa. Layi biyar gare shi, na sunan mutum biyar. A sama ka sa sunanka da inkiyarka da garinku, a ƙasa ka rubuta takenka, ka manna kan sarki ka aika gidan rediyo, sai zaman jira. Mwakio ba shi da wani mai rediyo da zai gaisar, sai ya tsinci sunaye biyar daga cikin waɗanda yake jin ana karantawa, ya rubuta, ya ba wani ma'aikacin jirgin kaya ya jefa masa a akwatin wasiƙa na Voi. Bayan sati uku yana zaune a kan tulin katakon layin dogo ya ji an ce, "Ga kati daga Mwakio Mai Jan Tuta, daga dajin Tsavo." Ya ce sai da ya miƙe tsaye ya cire hula, alhali ba kowa a wurin sai biri ɗaya. Takensa kuwa daga jiragen da ke wucewa su bar shi ya samo shi: ina nan inda kuka bar ni.

A ƙa'idar masu kati, wanda aka gaisar dole ya rama. Cikin wata biyu sunansa ya fara dawowa daga garuruwan da bai taɓa takawa ba. Akwai Mwanaisha Mai Lalle ta Lamu, da Chepkwony Tela na Kericho, da Barasa Mai Rake na Mumias, da Nduku Mai Kwando ta Machakos. Sai kuma Odhuno Mai Keke na Kisumu, wanda takensa shi ne taya biyu sun ishe ni, ba na jiran direba. Da wannan Odhunon suka shekara talatin da huɗu suna gaida juna, ba su taɓa ganin fuskar juna ba, ba su taɓa musayar wasiƙa ba. Baba ya ce abin da aka ɓoye cikin ambulan gulma ce, gaisuwa sai ƙasa duka ta ji.

Wata ƙa'idar kuma, ba a gaida wanda ido ke gani. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, ta shekara talatin tana mita bai taɓa sa ta a kati ba. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Ke da nake gani a tsakar gida, don me zan kai ki Nairobi a dawo mini da ke ta cikin batir?" Ran da na fara jin wannan na ce masa da ni ce matar, da rediyon nan ya daɗe a ƙasan rijiya.

Sau ɗaya suka yi niyyar haɗuwa da Odhuno. Zai je Mombasa a bas, bas kuwa yana tsayawa a Voi minti ashirin a ci abinci. Ta kati suka shirya, wata biyu ana aika-aika, kowa yana matsa ɗan saƙo a gefen takensa. Alamar da suka yanke ita ce kowa zai riƙe rediyonsa a hannu. Abin da suka manta, a zamanin nan duk namijin da ya isa namiji da rediyo yake yawo. Bas uku suka tsaya lokaci guda, maza sun fi talatin suka sauko, kusan kowa da nasa a hannu. Mwakio ya tare mutum bakwai, na bakwai ya ɗauka ɓarawo ne ya rungume rediyonsa ya yi baya. Na ce masa me ya hana ya ƙwala kiran sunan? Ya ce haba, ƙato da shi ya tsaya a tasha yana ƙwala wa wani ƙato kira? Haka bas-bas suka tashi. Bayan sati uku katin Odhuno ya fito, a gefen take ya rubuta, na ga Voi, waken tasharku bai nuna ba. Ba su sake gwadawa ba. Baba yakan ba da labarin nan yana dariya har da hawaye, ni ma ina tayawa, amma dariyar ba ta kai mini ciki.

Ni da na san shi duk wannan ya wuce. An rufe 'yar tashar dajin, ya yi ritaya, matar ta rasu, ɗansu ɗaya yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Mombasa, yakan bugo waya ƙarshen wata. Ɗaki ɗaya yake haya, ƙofa uku daga shagona. Ran Lahadi da huɗu saura yake zuwa, kuma da naci sai da ya sa na yarda in kashe talabijin in ƙarfe huɗu ta yi. Direbobi su yi ta ƙunƙuni, in ce wanda bai so ya ɗauki farantinsa ya yi waje.

Shirin ya tsuke daga awa guda ya koma minti goma sha biyar. Tsohon mai gabatarwar ya tafi, aka kawo wata yarinya mai zaƙin murya da ke karanta saƙonnin wayar hannu kamar ana korarta. Wance tana gaida duk wanda ya san ta. Wane yana gaida masoyansa a ko'ina suke.

"Ji rowa," in ji Baba. "Duk wanda ya san ta. Ba ta iya kama sunan mutum ɗaya ba? Wannan ai watsa wa kaji tsaba ne."

Sau da yawa katinsa kaɗai ne kati a shirin, har yarinyar ta sa masa suna kakanmu na Voi. Ni a ganina ai ga shi ana kiran sunansa, me kuma ya rage? Ya ce ban gane ba. Jin sunanka a saman kati ba komai ba ne, kai ka rubuta abinka. Abin da ake jira shi ne ka ji shi a cikin layin katin wani. Wannan kuwa rabonsa da shi shekara biyu da wani abu. Nduku an sanar da rasuwarta a cikin shirin. Sauran shiru kawai suka yi ɗaya bayan ɗaya, Odhuno ne na ƙarshe. Duk da haka kowane sati sai ya cike layukansa biyar da sunayen nan, ya zauna ya karkata kunne har kiɗan rufewa ya tashi, sannan ya ce, "Wataƙila gidan waya ne," ya naɗe eriya.

Sai ga wata Lahadi yarinyar nan ta sanar, cikin fara'arta, cewa daga ƙarshen wata an daina karɓar kati, an ma daina buga shi, kowa ya koma waya. Lahadi huɗu suka rage. Baba ya naɗe eriya. Na kunna talabijin, aka nuno wata mata da aka binne tun makon jiya ta shigo ɗakin biki da dogon takalmi, na jira ya tanka, bai tanka ba. Abin da ya tsorata ni ke nan. Na dube shi a kan bencin nan, tsoho da hula da rabin mandazi, na ji tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina. Na ƙudurta a raina sai mutumin nan ya ji an gaishe shi ko sau ɗaya kafin a rufe shirin.

Litinin da safe na tafi gidan waya. Sai da ma'aikaciyar ta durƙusa ta lalubo ɗaurin katin daga ƙasan kanta, ta ce banda tsohon nan mai hula ba wanda ke tambayarsa. Na sayi biyu, ko zan ɓata ɗaya. Sunayen da ke katin Odhuno na san su kamar sunayen kayan miya, don Baba yakan rera su da ka: wane, wane, wane, wane, sannan Mwakio Mai Jan Tuta a ƙarshe. Da na zo rubutawa sai na ga ai bai kamata ba. Gaisuwar ƙarshe a duniya, a bar mutum a ƙasa kamar ƙanzon tukunya? Na ɗauko shi na sa a layin farko, na ji daɗin dabarata. Na rubuta taken keken, na ba Kilonzo, wani direban bas da ke cin abinci a wurina, ya jefa mini a Nairobi don kada hatimin Voi ya tona ni.

Lahadin farko shiru. Ta biyu, bayan an karanta katin Baba, yarinyar ta ce, "Kai, yau kakanmu ya samu ɗan'uwa. Ga wani katin kuma, daga Odhuno Mai Keke na Kisumu."

Kofin shayin ya tsaya a hanya, bai kai baki ba. Baba ya ajiye shi, ya dafa tebur ya miƙe, ya cire hula. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, sai ka ce an kunna fitila a ciki.

"Yana gaida, na farko, Mwakio Mai Jan Tuta na Voi."

Direbobi suka kaure da tafi. Kilonzo ya kashe mini ido. Amma ni Baba nake kallo, na ga hasken nan ya mutu. Ya koma ya zauna a hankali, ya mayar da hularsa, ya saurari sauran sunaye huɗun da taken har ƙarshe. Ya naɗe eriya, ya ce, "Na gode da shayi, Maman Wakesho," ya fita. Biyar ma ba ta yi ba, ga mandazinsa a faranti.

Washegari bai zo ba, ranar da ta biyo ma haka. Talabijin ya yi ta zuba shirme ba mai tanka masa, na rasa abin da ke mini daɗi, na yi ta huce haushi a kan direbobi. Lahadi ta uku da huɗu ta yi na kashe akwatin da kaina saboda sabo, muka zauna shiru ba rediyo, har wani ya tambaya ko rasuwa aka yi. Da Litinin ta zo na kasa daurewa, na zuba wake da chapati biyu a kwano na ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Ɗakin fes yake. Gado, kujera ɗaya, jar tuta a ninke a kan taga. Ya ba ni kujerar, shi ya zauna a bakin gado.

"Da hannunki kika rubuta, ko sawa kika yi aka rubuta miki?"

"Rubuta me, Baba?"

"'Yar nan, tsufa na yi, ba wauta ba."

Na sunkuyar da kai na tambaye shi ta yaya ya gane. Ya ce layin farko na wanda kake jin nauyinsa ne, suruki ko wani babba. Lokacin mai karatu bai gama gyara murya ba, masu sauraro ba su gama yin shiru ba. Na biyar shi ne wanda ake faɗa a ja numfashi, sai take, sai kiɗa ya tashi. Shi ke zama a kunne, kuma ba a ba da shi sai ga na jiki.

"Shekara talatin da huɗu Odhuno bai taɓa ɗaga ni daga na biyar ba, ni ma ban ɗaga shi ba. Ko hannunsa ya shanye, wanda zai rubuta masa sai ya gaya masa inda zai sa ni."

"Ni girmama ka na yi niyya."

"Na sani. Da aka ce Odhuno, na ce ashe yana nan. Daga nan zuwa sunana bai fi numfashi biyu ba. Shekara biyu ina zaune ban san ko yana raye ko ya mutu ba, kuma na iya zama da hakan. Ranar nan kin ba ni shi, kin karɓe abinki a gaban mutane."

Da kunya ta ishe ni sai halin nawa ya motsa. Na ce to me yake so in yi, in zuba ido yana zaune mini a shago kamar kayan wanki? Na ce wa ya aike shi ya ɗora rayuwarsa a kan mutanen da ko a tasha bai iya gane su ba? Ina cikin masifar sai na ji bakina yana cewa ya yafe mini. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya buɗe kwanon, ya kai loma ɗaya, ya tauna.

"Waken nan ya yi gishiri," in ji shi.

Na bar shi ya ci abinsa. Tun da na buɗe shago ranar ce ta farko da wani ya faɗi haka ya kwana lafiya.

Lahadin ƙarshe ya zo da huɗu saura kwata, rigarsa ta sha guga. Na kashe talabijin tun kafin ya zauna. Yarinyar ta yi ta zuba saƙonnin waya, duk wanda ya san ni, duk wanda ya san ni, har na fara fargabar lokaci zai ƙare. Can ta ce, "To, ga katinmu na ƙarshe, kuma kun san daga inda ya fito." A karon nan ta rage gudu, Allah ya yi mata albarka.

"Mwakio Mai Jan Tuta na Voi yana gaida, na farko, Mwanaisha Mai Lalle ta Lamu. Na biyu, Chepkwony Tela na Kericho. Na uku, Barasa Mai Rake na Mumias. Na huɗu, Odhuno Mai Keke na Kisumu."

Na ɗago kai. Na huɗu?

"Na biyar, Mkamburi Mai Abinci, ta bayan tashar Voi. Takensa, ina nan inda kuka bar ni."

Kiɗa ya tashi. Wani direba ya ce, "Wace ce kuma Mkamburi? Akwai wata mai abinci a bayan tashar nan?" Ni kuwa ina tsaye da tsumma a hannu. Idona ya kai kan takardar izinin shago da ke rataye a ƙarƙashin talabijin, da sunana a jiki, inda tsohon nan ya shekara tara yana fuskanta. Na juya na ce, "Baba, ƙa'ida fa? Ai kullum kana ganina."

"Idona ya yi rauni yanzu, ba na gani sosai," in ji mutumin da ke hango jan-bakin mata a talabijin daga ƙarshen shago.

Wanda aka gaisar dole ya rama, ga shi shirin ya mutu. Sai na tuna katin nan na biyu da na saya, yana cikin gwangwanin da nake ajiye ashana. Layi na biyar ba wuya, nan take na cike shi. Sauran huɗun ne suka ba ni kashi. Na farko na sa Wakesho, wadda ke Nairobi tana turo mini hoton abincin da ta ci a waya. Na biyu na sa yayata ta Taveta, da rabona da muryarta tun jana'izar mahaifiyarmu. Daga nan biro ya tsaya. Kwana uku ina ɗauko katin ina ajiyewa. Mutum hamsin nake ciyarwa a yini, na san mai son yaji da mai son romo, amma na rasa mutum biyu a duniya da zan aika wa gaisuwa. Ni da nake yi wa tsoho faɗan ya ɗora rayuwarsa a kan baƙi, ashe ko baƙin ban da su. A ƙarshe na rubuta Mwanaisha Mai Lalle ta Lamu a na uku, Odhuno Mai Keke a na huɗu, ko suna ji ko ba sa ji. Sai bayan na gama na tuna haka shi ma ya fara a dajin nan, da sunayen tsintuwa.

Lahadin da ta biyo ya zo kamar kullum, da rediyon a hammata, duk da ba abin da zai kama. Huɗu tana yi na kashe talabijin, na ce wa direbobi wanda ya yi tari sai ya bar shagon. Na tsaya a gaban tebur da katin a hannu, na karanta tun daga sama: daga Mkamburi Mai Abinci ta Voi. Na farko, na biyu, na uku, na huɗu. Na ja numfashi.

"Na biyar, Mwakio Mai Jan Tuta."

Ya dafa tebur ya miƙe, ya cire hula, ya tsaya haka ɗan lokaci. Sannan ya zauna, ya gyara murya.

"Kin yi sauri a na uku. Kuma a tsaye kika karanta, gudu za ki yi? Ina takenki?"

"Ba ni da take, Baba."

"Kati ba ya tafiya ba take. Ari nawa kafin ki samu naki. Zauna ki sake."

Na jawo benci na zauna kusa da shi, na sake karantawa daga farko, a hankali. Da na zo ƙasan katin na ce, ina nan inda kuka bar ni, sai na ji ashe ba aro na yi ba.

Ƙarfe biyar na kunna talabijin, na kawo masa shayinsa da mandazi.